Shekarar da Iliya Ya Zama Yakubu

Wannan babin ba na jarumta ba ne, don haka kada ku gyara zama kuna jiran ku ji babanku ya yi abin a zo a gani. Na san akwai masu gaya muku cewa ni ne na tsaya wa gaskiya a rigimar kwaleji. Har gobe akwai wani tsohon malami da in ya hango ni a bakin tasha sai ya ɗaga mini hannu ya ce "Sabo mai gaskiya", ni kuma in washe haƙora in karɓa, tunda yabo ba ya ciwo. Amma ku 'ya'yana ne, ba zan sayar muku da wannan kayan ba.

Lokacin da zaman ƙauyenmu Kutemeshi ya gagara saboda 'yan bindiga muka dawo cikin gari, mu uku ne a ɗaki biyu na haya: ni, da kakarku Inna, da Baffanku Iliya. Iliya ɗan ƙanen Inna ne, wato taubashina, abokin wasana na halak. Tun muna yara ba mu taɓa yi wa juna sallama ta mutunci ba. In na shigo zan ce "ina dogon banzan nan", shi kuma ya ce "ga guntun sigari ya dawo". Ni na kai aji biyar a sakandare kafin in ajiye biro in ɗauki makullin babur, don haka a gidan ni ne ɗan boko, ni ke karanta takardar asibiti, ni ke duba saƙon waya. Iliya firamare kawai ya yi, firamaren ma ta ƙauye, wadda malami ke zuwa ranar da hanya ta yi kyau. Sunansa ma in zai rubuta sai ya fito da harshe waje kamar mai ɗaukar buhu.

Abu ɗaya muka haɗa ni da shi, langa. Ku yaran yanzu ƙwallo kuka sani, to langa ita ce ka kama ƙafarka ɗaya ta baya da hannu, ka dinga tsalle da ɗayar, kuna ture juna. Wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya fita. Kowane ɓangare yana da mutum ɗaya da ake kira ruwa, shi ake so ya tsallake ya kai can ƙarshen fili, sauran kuma dawakai ne masu kare shi. A bayan tasha, bayan la'asar, ni ne ruwa. Kowa ya sani. Ƙarami ne ni, ga zillewa, in na kutsa tsakanin ƙarti biyu sai dai su yi karo da juna. Iliya dokina ne. Aikinsa ya share mini hanya, ni in je in karɓi tafi. Haka Allah ya tsara abin, kuma ni ban ga laifin tsarin ba.

A shekarun nan ne aka buɗe reshen wata kwalejin horon malamai a gefen gari. Ba zan faɗi sunanta ba, waɗanda suka sani sun sani. Shugabanta, wanda suke kira Furobos, mutum ne mai son a ga hotonsa riƙe da kofi. Za a yi gasar kwalejoji, an sa langa a ciki, ɗalibansa kuwa yawancinsu ko tsayuwa da ƙafa biyu da ƙyar suke yi. Sai ga kocin kwalejin, Oga Danladi, ya zo bayan tasha da usur a wuya da tumbi a gaba. Ya tsaya ya kalle mu wasa biyu. Da aka tashi ya kira ni, ya kira Iliya. Ya ce akwai kayan tirenin, akwai kambas, akwai tafiya Kaduna a bas, akwai kuma katin ɗalibai. Sharaɗi ɗaya ne, in an tambaye ka ka ce kai ɗalibi ne, ka yi shiru daga nan.

Da na yi shirun tun a wurin, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma kun san bakina.

"Oga," na ce, "shi wannan tumbin naka, shi ma an yi masa kati, ko a matsayin malami yake?"

'Yan acaɓa suka fashe da dariya. Oga Danladi bai yi ba. Ya dube ni sama da ƙasa, abin da bai ɗauke shi lokaci ba.

"Ƙafarka ta yi," ya ce, "bakinka ne bai yi ba. Kai dogo, gobe ƙarfe takwas."

Haka aka ɗauki dokina aka bar ni. Na ce ko a jikina, wa ke son zama ɗalibin ƙarya. Na faɗa a tasha, na faɗa a wurin mai shayi, na faɗa har mutane suka gane a jikin nawa yake.

Bayan sati Iliya ya shigo gida cikin shuɗin kayan tirenin mai fararen layuka, da kati rataye a wuya. Hoton nasa ne, amma sunan da ke ƙasa Yakubu Garba ne, wani ɗalibi daga can wajen Gwaska da ya daina zuwa tun da hanyarsu ta lalace. Inna ba ta iya karatun boko ba, hoton ta gani. Ta riƙe katin da hannu biyu kamar jariri.

"Ɗan ƙanena a kwaleji," ta ce. "Allah na gode maka."

"Inna, ba kwaleji ya shiga ba," na ce, "tsalle da ƙafa ɗaya aka ɗauke shi. Ko zakara yana yi."

"To kai me ya sa ba a ɗauke ka ba, tunda ko zakara yana yi?"

Daga ranar tsokar da ke saman tuwo ta canja kwano. Inna da kanta ke wanke kayan tirenin ɗin, ta shanya su a igiyar da ta fi kusa da ƙofa don masu wucewa su gani. Mai ƙosan layinmu ta fara ce masa "ɗan kwaleji" tana ƙara masa gyara. Ni da na yi shekara biyar ina goge benci a sakandare ba wanda ya taɓa ƙara mini ko ƙwaya ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai ba wannan ba ne. Sauran 'yan hayar da Oga Danladi ya tara, fili kawai suke zuwa su tafi. Shi wannan dogon sai ya ɗauki katin da gaske. Wai tunda mai gadi yana barinsa ya shiga, me zai hana ya zauna a aji. Ya sayi littafi mai layi, kullum da safe ya tafi ya zauna can baya, yana kwafar abin da ke allo ko bai gane ba. In ya dawo ya zauna a tabarma yana bin haruffa da yatsa. Na yi masa waƙa, na sa masa suna Farfesa Ƙafa Ɗaya, na ɓoye masa biro. Sai ya yi dariya ya ce, "Guntun sigari, kana ƙonewa, ina jin ƙauri." Gaskiyarsa ce, amma shi ya ɗauka wasa muke.

To a lokacin ina da fasinja na kullum, Malam Haruna, malami a kwalejin, shi ne kuma sakataren ƙungiyar malamansu. Siriri ne, da jaka mai tsinkakken hannu, kullum ni ke kai shi in ɗauko shi. Mutum in ya hau bayan babur bakinsa kan buɗe, ban san dalili ba, wataƙila don ba ka kallon fuskarsa. Daga gidansa zuwa ƙofar kwaleji na san komai na makarantar nan fiye da rabin ɗalibanta. Rufin aji uku yana yoyo, in ruwa ya sauko sai a ɗage lacca. Ɗakin karatu ba littafi sai kujeru. Amma an sayi bas sabuwa fil an rubuta mata sunan ƙungiyar wasanni. Akwai kwamitin wasanni da doka ta ce malamai biyu su zauna a ciki, shi Malam Haruna ɗaya ne daga ciki, amma tun da aka kafa shi ba a taɓa kiran zama ba, sai dai a kawo musu takarda a ce su sa hannu wai an zauna.

"Sabo, ka san abin da aka aiko mini jiya?" ya ce wata safiya. "Jerin sunaye daga ofishin Furobos. Wai 'yan wasanmu ne, a taimaka musu da maki. Mutanen da ban taɓa ganin ƙeyarsu a aji ba. Gobe a ba su takardar shaida, a tura su ƙauye su koyar da 'ya'yan mutane."

"Malam, ka ba su mana. Ai maki ba daga aljihunka yake fita ba."

"Daga aljihun ɗanka yake fita, in ka haifa. Kula da ramin nan."

Malamai sun yi taro, sun rubuta takardar koke zuwa majalisar gudanarwa ta kwalejin, wato manyan da ke saman Furobos. An ce za a turo kwamitin bincike. Matsalarsu ɗaya, suna da sunaye amma ba su da mutum. Duk sunan da suka duba a rajista, yana nan da lambarsa daidai, tunda sunayen ɗaliban gaske ne da suka daina zuwa. In ba su kawo mutum ɗaya da za a nuna a ce wannan fuskar ba ta wannan sunan ba ce, Furobos zai ce hassada ce kawai ta malamai. Na ji wannan duka, na yi shiru. Sati uku ina shiru, ku rubuta mini wannan a gefen lada.

Sai 'yan wasan kwalejin suka je Kaduna suka ciyo kofin. Kuma wa aka sa ruwa? Iliya. Dokina. Bas ta zagaya gari tana hon, shi yana leƙe ta taga da kofi a hannu, Furobos a gaba yana ɗaga wa mutane hannu kamar shi ya yi tsallen. Ina tsaye a tasha 'yan uwana 'yan acaɓa suna ta zungurata, "Sabo, ba yaronka ba ne wancan?" Na haɗiye wannan. Da yamma Inna ta yi dambu ta raba wa maƙwabta, na haɗiye wannan ma, har na ci. Muna zaune a tsakar gida sai Iliya ya ɗauko littafinsa ya ce yana da tsaraba. Ya buɗe shafi, ya rubuta wani abu a hankali, ba tare da ya fito da harshe ba, ya miƙa wa Inna.

"Mene ne wannan?"

"Sunanki ne, Gwaggo. Hauwa'u."

Ta daɗe tana kallon takardar. Sannan ta juyo gare ni, ba da faɗa ba, da ma da faɗa ne da ya fi sauƙi.

"Sabo, kai da ka kai aji biyar, ba ka taɓa rubuta mini sunana ba."

Washegari da safe, yana shirin fita, na ce, "Farfesa, kawo katin nan in ga ko hoton ya fi ka muni." Ya ciro ya jefo mini yana ɗaura igiyar kambas. Bai ko ɗago ba. Me zai sa ya ɗago? Taubashinsa ne ke tsokanarsa kamar kullum. Na ɗora katin a kan sirdin babur, na ɗauke shi hoto da waya, na mayar masa na ce lallai hoton ya fi shi kyau.

A hanya na tsaya gindin wata bishiyar ɗorawa na nuna wa Malam Haruna. Na ce wannan ba Yakubu Garba ba ne, sunansa Iliya, ɗaki ɗaya muke kwana, ko jarrabawar gama firamare ban tabbata ya zauna ba. Na zaci zai rungume ni. Sai ya cire tabarau ya kawo wayar kusa da ido.

"Wannan ai shi ke goge mini allo," ya ce. "Bai taɓa fashin ajina ba. Na ɗauka ɗalibi ne mai rauni kawai, irin waɗanda makarantun ƙauye ke turo mana." Ya miƙo mini wayar. "Ba shi nake nema ba, Sabo. Bari mu nemi wani."

Nan ne wurin da nake so ku karanta sau biyu. Allah ya buɗe mini ƙofa in fita da mutuncina. Malamin da kansa ya ce a bar shi. Abin da ya rage in tayar da babur. Sai na yi 'yar dariyar nan tawa.

"Ashe dai Malam ku ma kuna da naku 'yan lelen. Na Furobos haram, naku halal."

Na san inda zan soka, wata shida ina jin mutumin nan a bayana. Wuyansa ya ƙage. Na tayar da babur muka ƙarasa ƙofar kwaleji. Da ya sauka ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Turo mini hoton."

Kwamitin binciken ya zo ranar wata Laraba, mutum uku, da rakiyar jami'an tsaro saboda hanya. Aka zauna a babban ɗakin taro, mu 'yan kallo muna jikin taga. Malam Haruna ya yi magana ta kusan awa, kuma wallahi ya yi magana. Ya kawo rufi, ya kawo bas, ya kawo takardun zaman da ba a zauna ba, ya kawo jerin sunayen da aka ce a ba maki. Ya ce makarantar da ke horon malamai in ta koya wa yara cewa suna ma ana aronsa, to me ya rage ta koyar. Malamai suka yi ta gyaɗa kai. Furobos ya ce shi bai san komai ba, harkar ofishin wasanni ce. Oga Danladi ya ce shi kati daga ofishin rajistara ake ba shi. Rajistara ya ce shi umarni yake bi, da aka tambaye shi na wa, sai tari ya kama shi. Daga nan aka fito da hoton, an buga shi a babbar takarda, aka ce a kira Yakubu Garba.

Iliya ya shigo da littafinsa a hannu. Shugabar kwamitin, wata dattijuwa mai farin tabarau, ta tura masa takardar.

"Yaro, wannan katinka ne?"

Ya duba. Ya daɗe yana dubawa, fiye da yadda ake buƙata. Sai daga baya na gane ba katin yake kallo ba. Sirdin baburina yana da yagewa a gefe, shi Iliya ne ya ɗinke mini ita da jan zare, kuma ga ɗinkin nan ya fito ƙarara a ƙarƙashin katin.

"Nawa ne, Hajiya."

"Mene ne sunanka?"

Oga Danladi yana ta ƙifta masa ido daga gefe.

"Iliya," ya ce. "Iliya Musa. Zan iya rubuta miki in kina so."

Ba ta so ba. Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. An mayar da kofi. An karɓe katunan 'yan haya duka, aka gaya wa mai gadi kada ya sake barinsu su shiga. Oga Danladi aka yi masa canjin wurin aiki. Furobos ya ƙarasa wa'adinsa lafiya lau, har da walimar bankwana. Malam Haruna aka cire shi daga kwamitin wasanni saboda wai ba ya da haɗin kai. Rufin kuwa, da na kai wani fasinja bara, na ga bokitai a ajin. Duk wannan hayaniyar, da takardu, da jami'an tsaro, mutum ɗaya ne kawai ya rasa abin da yake so da gaske, kuma shi ne kaɗai a cikinsu da ke zuwa aji.

Na yi ta zagaye gari har magariba ta kusa, sannan na shiga gida. Na shirya wa duka, na shirya wa zagi, har na tanadi amsoshi. Iliya yana zaune yana ninke kayan tirenin zai mayar. Ya ɗago.

"Sannu da zuwa, Malam Sabo. Ya aiki?"

Na ce, "Kai dogon banza, wane irin Malam Sabo kuma?"

"Lafiya lau, alhamdulillahi," ya ce, ya ci gaba da ninki.

Inna tana bakin murhu, ba ta juyo ba. Ta ce, "Ni na san wasanku tun kuna tsirara. Duk abin da ka taɓa yi masa, a gaban idonsa ka yi. Wannan ka zagaya ta baya." Ta zuba tuwo kwano biyu, tsoka ɗaya a kowanne, daidai wa daida. Ban taɓa cin naman da ya ƙi wucewa kamar wannan ba.

Bayan kwana biyu ya koma Kutemeshi wurin gonar Kawu, wato mahaifinsa, a lokacin da masu hankali fitowa suke yi. Damina uku ya yi a can, ana noma ana kallon daji. Abin da ya gani a shekarun nan bai taɓa gaya mini ba, ni ma ban da fuskar tambaya. Inna duk ranar da aka ce an ji harbi ta wajen, ba ta ce mini komai, sai dai ta ƙi cin abinci, ni kuma in fita in bar mata gidan. Malam Haruna ya daina hawa baburina. Ashe shi abin bai bar shi ba. Shi ya aika aka nemo Iliya, ya sa shi ajin manya, ya zauna da shi har ya rubuta jarrabawar sakandare, ya faɗi, ya sake. Daga ƙarshe ya shiga kwalejin nan dai, ta ƙofar gaba, da sunan da ubansa ya raɗa masa. Langa kuwa bai sake kama ƙafarsa ba, ni ma haka, don ruwa ba ya zuwa ko'ina ba doki.

Wani zai ce to ai abin ya zama alheri, ni ne ma sanadi. Na gwada gaya wa kaina haka, bai zauna ba. Na nemi gafararsa sau biyu, sau biyun ya ce, "Ba komai, Malam Sabo, ya wuce." Yana zuwa sunanku, yana zuwa gaisuwa, da Inna ta rasu kafaɗa da kafaɗa muka ɗauke ta. Amma shekara goma sha wani abu ke nan bai zage ni ba ko sau ɗaya. Ku ba za ku gane nauyin wannan ba sai kun yi abokin wasa.

Kuma kada ku ɗauka na warke. Zangon da ya wuce, ke Hauwa kika kawo mini takardar sakamakonki daga firamare kika ce in sa hannu a wurin uba. A sama da inda zan sa, malamin ajinku ya rubuta, "Tana da kai, amma surutu ya yi mata yawa." Ƙasa ya sa hannu, Iliya Musa. Na kai takardar bakin ƙofa wurin haske. Na duba harafin farko, na duba na ƙarshe, na juya ta gefe, ina neman inda ya karkace ko inda biro ya zame, ko da ɗan kaɗan ne, in samu abin da zan je in tsokane shi da shi. Kika ce, "Baba, ka sa mana, zan makara."

Ban samu ba. Na sa nawa a ƙasan nasa, na miƙa miki da sauri kafin ki haɗa biyun ki gani.